Idan Masu Zaɓe Suka Karɓi Alƙalamin 'Yan Majalisa, Wa Ke Biyan Kuɗin?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai zaɓe ba ya gama aikinsa da ya zaɓi shugaban ƙasa ko gwamna. A ƙasan sunayen 'yan takara akwai tambayoyi a jere, kowace da lambarta, ana jiran ya ce e ko a'a. A ciyo bashi a gina makarantu? A ƙara wa masu hannu da shuni haraji? A tsananta hukuncin ɓarayi? Wata shekarar tambayoyin sukan haura 10. Tun kafin ranar zaɓe hukuma kan aika wa gidajen masu rajista wani littafi da ke ɗauke da bayanin kowace tambaya, da hujjar masu goyon baya, da ta masu adawa, da ƙiyasin kuɗin da abin zai ci. Wadda ta samu rinjaye ta zama doka, kuma gwamna ba shi da ikon hana ta.

Ƙuri'ar raba gardama da muka saba ji daga sama take saukowa. Hukuma ce ta shirya wadda aka yi a 1961, lokacin da arewacin Kamaru ta Ingila ta zaɓi shiga Nijeriya. Hukuma ce ta shirya ta Nijar a 2009, ta tazarcen Shugaba Tandja, da ta 2010 da ta kawo sabon tsarin mulki. A duka waɗannan, masu mulki ne suka tsara tambayar, talaka nasa amsawa. A kusan rabin jihohin Amurka 50 kuwa, mutanen gari na iya tsara tambayar da kansu, su rubuta doka daga farko har ƙarshe, su tara sa hannun jama'a, su tilasta a kai ta rumfar zaɓe ba tare da ta bi ta majalisa ba. A wasu jihohin suna iya tare dokar da majalisa ta riga ta yi, su ce sai an tambayi jama'a tukuna. Majalisa ma kan miƙa wasu batutuwa ga masu zaɓe da kanta, musamman cin babban bashi da gyaran tsarin mulkin jiha, wanda a kowace jiha ban da Delaware sai da amincewar jama'a. Gwamnatin tarayya ba ta da irin wannan hanya, kuma ba a taɓa yin ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya a Amurka ba. Harka ce ta jihohi da ƙananan hukumomi.

Fushi ne ya haifar da tsarin. A ƙarshen ƙarni na 19 manoma da ma'aikata sun gaji da majalisun da manyan kamfanoni suka sa a aljihu. Dakota ta Kudu ce ta fara amincewa da shi a 1898, Oregon ta biyo a 1902. Kalifoniya ta shigo a 1911 a zamanin Gwamna Hiram Johnson, wanda ya ci zaɓe da alkawarin karya ƙarfin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, kamfanin da a lokacin yake juya siyasar jihar yadda ya ga dama. Hujjar mai sauƙi ce, kuma har yau tana da ƙarfi: idan wakilanka sun sayar da kai, ya kamata ka samu ƙofar da za ka bi ba ta hannunsu ba.

Ga yadda ake bi ta ƙofar a Kalifoniya. Masu ƙuduri su rubuta shi, su kai ofishin babban lauyan jiha, shi ne zai ba shi suna da taƙaitaccen bayani. Wani ofishi na ƙwararru da ke yi wa majalisa nazarin kasafi, wanda ba ya ɓangaren kowace jam'iyya, zai lissafa abin da ƙudurin zai ƙara wa baitulmali ko ya rage masa. Daga nan masu ƙuduri suna da kwana 180 su tara sa hannu. Idan doka ce ta yau da kullum, ana buƙatar adadin da ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya. Idan gyaran tsarin mulki ne, kashi 8. A lissafin zaɓen 2022, na farko ya haura mutum 500,000, na biyu ya doshi 900,000. Ranar zaɓe kuwa rinjaye kawai ake nema, ko da na ƙuri'a ɗaya ne, har a gyaran tsarin mulki. Sannan akwai wani sharaɗi da ya bambanta Kalifoniya da sauran: dokar da jama'a suka yi, majalisa ba ta da ikon taɓa ta, sai dai in dokar ce da kanta ta ba da izini, ko kuma a sake komawa wurin jama'a.

Kafin a ga abin da wannan ke yi wa kuɗin gwamnati, sai an riƙe abu ɗaya. Jiha a Amurka ba ta buga kuɗi, kuma kusan kowace jiha doka ta ɗaure ta cewa abin da za ta kashe a ayyukan yau da kullum kada ya wuce abin da za ta samu. Kasafin jiha tukunya ɗaya ce da makarantu da asibitoci da gidajen yari da hanyoyi duk suke ci a ciki, wanda ya ƙara loma kuwa daga rabon wani ya ɗiba. Ɗan majalisa da ke zaune kan kasafi dole ya dubi tukunyar gaba ɗaya. Shi kuwa mai zaɓe tambaya ɗaya ake yi masa a lokaci ɗaya, kuma tambayar ba ta cika faɗa masa rabon wa za a taɓa ba. Daga wannan tazarar ne kusan duk matsalolin da za mu gani suka fito.

Babu misalin da ya kai Ƙuduri na 13 na Kalifoniya. A shekarun 1970 farashin gidaje a jihar ya yi tashin gwauron zabo, harajin gida kuma ana yanka shi ne gwargwadon darajar gidan a kasuwa. Sai ga tsoho ɗan fansho da ya gama biyan kuɗin gidansa tun da daɗewa, abin da ke shigo masa bai ƙaru ba, amma takardar haraji tana ninkuwa. Tsoron a raba mutum da gidansa a tsufansa tsoro ne na gaskiya. A daidai wannan lokaci gwamnatin jiha tana zaune kan rarar kuɗi ta kusan dala biliyan 5, majalisa kuma ta yi ta jan ƙafa wajen kawo sauƙi. Howard Jarvis, wani dattijo da ya haura shekara 70, wanda ke yi wa ƙungiyar masu gidajen haya ta Los Angeles aiki, shi da abokin tafiyarsa Paul Gann suka tara sa hannu sama da miliyan 1. Ranar 6 ga Yuni, 1978, kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe suka ce e, duk da cewa Gwamna Jerry Brown da yawancin manyan 'yan siyasar jihar sun yi adawa.

Abin da ƙudurin ya ƙunsa bai da yawa. Harajin gida ko fili ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na darajar da aka yi masa ba. Aka mayar da darajar kowane gida yadda take a 1975. Daga nan ba za ta ƙaru da fiye da kashi 2 a shekara ba, komai tashin kasuwa, sai ranar da aka sayar da gidan ko aka yi sabon gini. Aka kuma ƙara cewa majalisar jiha ba za ta ƙara wani haraji ba sai da kashi 2 cikin 3 na wakilai, ƙaramar hukuma ma ba za ta sa haraji na musamman ba sai kashi 2 cikin 3 na masu zaɓe sun yarda. Duka wannan a cikin tsarin mulki aka rubuta shi.

Nan take kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga harajin gidaje ya ragu da fiye da rabi. Da wannan kuɗin ne ake riƙe makarantu da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ɗakunan karatu. Masu adawa sun yi hasashen komai zai durƙushe, amma bai durƙushe a shekarar farko ba, domin gwamnatin jiha ta ɗebi rarar nan ta cike giɓin, sannan a 1979 ta kafa dokar da ta tsara yadda za a riƙa raba ɗan abin da ya rage. A nan ne sakamako na farko ya ɓullo, wanda ba shi masu ƙuduri suka tallata ba. Mutanen da suka tashi don rage ƙarfin gwamnati sai suka kwashe iko daga garuruwansu suka kai Sakramento, babban birnin jihar. A da, hukumar makarantun gari ita ke yanka harajinta, iyaye kuma sun san ƙofar da za su buga. Bayan 1978 sai ya zama wanda ke riƙe da jakar kuɗi yana can nesa. Adalci ne a faɗa cewa hukuncin kotu na 1971, wanda ya ce bai dace yaron unguwar talakawa ya samu makaranta maras kyau saboda gidajen unguwarsu ba su da tsada ba, ya riga ya fara tura kuɗin ilimi hannun jiha. Amma ƙudurin ne ya kammala aikin, kuma a shekarun da suka biyo baya abin da Kalifoniya ke kashewa kan kowane ɗalibi ya sauko daga sahun gaba zuwa ƙasa da matsakaicin ƙasar.

Sakamako na biyu yana tsakanin maƙwabci da maƙwabci. A ɗauka wani ya sayi gida a 1990 kan dala 200,000. Ko da an ƙara masa kashi 2 ɗin nan kowace shekara, bayan shekara 30 darajar gidan a takarda wajen dala 362,000 ce kawai, harajinsa kuma wajen 3,600. Wani ya zo a 2020 ya sayi gidan da ke jikin nasa, iri ɗaya, kan dala miliyan 1. Harajinsa 10,000. Titi ɗaya suke bi, motar kwana-kwana ɗaya za ta zo musu, 'ya'yansu makaranta ɗaya. Wata lauya, Stephanie Nordlinger, ta sayi gida a Los Angeles a 1988, ta gano tana biyan kusan ninki 5 na abin da maƙwabtanta ke biya, ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka. A 1992 alƙalai 8 cikin 9 suka ce jihar tana da hurumin yin haka. Attajirin nan Warren Buffett ya taɓa bayyanawa a 2003 cewa gidansa na Kalifoniya mai darajar kusan dala miliyan 4 harajinsa ya ɗan haura 2,000 ne kawai, alhali gidansa na Omaha a jihar Nebraska, mai darajar wajen 500,000, yana biya masa sama da 14,000.

Wanda aka yi dokar dominsa, wato tsohon nan ɗan fansho, ya samu kariya, kuma ba zan raina wannan ba. Sai dai ba shi kaɗai ya shige inuwar ba. Ƙudurin bai bambanta gidan zama da otal ko masana'anta ko babban kanti ba. Mutum yakan ƙaura, yakan mutu, gidansa ya canza hannu a sake masa daraja. Kamfani kuwa yana iya riƙe fili shekara 50, kuma lauyoyi sun san yadda ake sayar da shi gunduwa-gunduwa ta yadda babu mai saye ɗaya da zai mallaki fiye da rabi, don a idon doka ba a sayar ba ke nan. Wanda nauyin ya faɗo wa shi ne matashin da ke sayen gidansa na farko, da baƙon da ya shigo jihar jiya.

Sakamako na uku shi ya fi ɓoyuwa, domin a halayyar hukumomi ya bayyana. Gari da aka hana shi harajin gida sai ya nemi kuɗi ta wata hanya. Yana da kaso a harajin cinikin da aka yi a cikinsa, don haka fili ɗaya idan aka ba mai sayar da motoci ko babban kanti zai kawo kuɗi, idan aka gina gidaje kuwa sai ya kawo yara masu buƙatar makaranta. Garuruwa suka shiga rige-rigen jawo kantuna, suna sanyin jiki da gidaje. Wanda zai gina sabuwar unguwa aka ɗora masa kuɗaɗen titi da magudana da makaranta, shi kuma ya zuba su cikin farashin gida. Mai tsohon gida ya ƙi tashi ko da gidan ya yi masa yawa, don in ya tashi ya rasa rangwamensa. Tsadar gidaje a Kalifoniya tana da dalilai da dama, amma waɗannan suna cikinsu. Ita kuma gwamnatin jiha ta koma dogaro da harajin kuɗin shiga, wanda kaso mai tsoka nasa daga 'yan tsirarun attajirai yake fitowa, su kuma arzikinsu yana bin kasuwar hannun jari. Shi ya sa a 2022 aka sanar da rarar kusan dala biliyan 100, shekara biyu bayan haka ana fama da giɓin biliyoyi masu yawa.

Da ƙofar haraji ta ƙuntata, kowane ɓangare sai ya ruga ya kulle rabonsa ta hanyar da aka kulle harajin. Malaman makaranta suka kawo Ƙuduri na 98 a 1988, wanda ya ware wa makarantu da ƙananan kwalejoji kusan kashi 40 cikin 100 na babban asusun jiha. A 1994 masu zaɓe suka amince da dokar ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda ya aikata babban laifi karo na uku, gidajen yari suka cika, kuɗin riƙe su ya hau. A 2004 suka amince a ciyo bashin dala biliyan 3 don wani binciken kimiyyar lafiya. A 2008 suka amince da bashin kusan biliyan 10 don fara layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin San Francisco da Los Angeles, aikin da ƙiyasinsa yanzu ya haura biliyan 100, kuma har yau bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Bashi yana da daɗin amincewa a rumfar zaɓe domin ba a ce wa kowa ya biya yau, amma daga babban asusun ake biyansa da kuɗin ruwa, shekaru kusan 30. Kowane ɗaya daga waɗannan ƙudurori yana da hujjarsa in aka dube shi shi kaɗai. Da tattalin arziki ya karye a 2008, majalisa ta samu kanta ba ta iya ƙara haraji sai da ƙyar, ba ta iya taɓa abin da aka kulle cikin sauƙi, har a 2009 jihar ta riƙa ba 'yan kwangila takardar alkawarin biya a maimakon kuɗi. Jami'o'in jiha, da babu ƙudurin da ya kare su, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, ɗalibai suka biya ta ƙarin kuɗin makaranta.

Kolorado ta tafi nesa fiye da haka. A 1992 masu zaɓe suka amince da gyaran da Douglas Bruce ya rubuta, wanda ake kira TABOR. Babu ƙarin haraji a jihar, ko a ƙaramar hukuma, sai an tambayi masu zaɓe. Kuɗin da gwamnati za ta riƙe ba zai ƙaru da fiye da hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a ba, abin da ya haura kuwa dole a mayar wa masu biyan haraji. A 2022 kowane mai biyan haraji ya karɓi dala 750 ta wannan hanya. Amma a yadda aka rubuta shi da farko, ana auna iyakar bana ne da abin da aka samu bara. Da kuɗin shiga ya faɗi bayan koma-bayan 2001, sai iyakar ta faɗi tare da shi, ta kuma maƙale a ƙasa ko da arziki ya dawo. Ga shi kuma a 2000 waɗannan masu zaɓen sun amince da wani gyara da ya tilasta a riƙa ƙara kuɗin makarantu kowace shekara, a shekara 10 na farko ma fiye da hauhawar farashi. Tsarin mulki ɗaya ya ce a rage, ya kuma ce a ƙara. Sai da Gwamna Bill Owens, ɗan jam'iyyar Rifablikan mai ra'ayin rage haraji, ya fito da kansa a 2005 ya roƙi jama'a su dakatar da mayar da rarar na shekara 5, suka amince da ƙyar. Bayan karayar 2008 ma majalisar jihar ta ƙirƙiro wata dabarar lissafi da ta riƙa zaftare wa makarantu biliyoyin daloli daga abin da gyaran 2000 ya yi musu alkawari, kotu kuma ta ƙyale ta.

Akwai wata dabara da masu ƙuduri ke yawan amfani da ita, wato liƙa wa abin da ake ƙyama sunan makaranta. Da Kolorado ta halatta tabar wiwi a 2012, an rubuta cewa dala miliyan 40 na farko na wani harajinta kowace shekara za su tafi gina makarantu. Da Kalifoniya ta kafa cacar gwamnati a 1984, da sunan ilimi aka tallata ta. Kuɗin suna zuwa, amma a kasafin ilimi na biliyoyi ba su taka kara sun karya ba. Na cacar Kalifoniya bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kuɗin makarantu ba. Illar ita ce mai zaɓe ya tafi gida da tunanin an gama da matsalar makarantu, gobe in an zo masa da maganar ƙarin haraji sai ya tambayi ina kuɗin wiwi.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka masu zaɓe ba su san komai ba sai rage haraji, kuma ba haka ba ne. A 2012 mutanen Kalifoniya suka amince da ƙarin harajin da Jerry Brown, wanda ya dawo gwamna karo na biyu, ya kai gabansu, a 2016 suka tsawaita na manyan masu samu har 2030. A 2022 Masacusets, jihar da ta yi nata ƙudurin taƙaita harajin gida tun 1980, ta ƙara kashi 4 kan duk abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 1 a shekara, don ilimi da sufuri. Fulorida, inda 'yan Rifablikan ke mulki, ta amince a 2020 a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi. Dokar lafiya ta zamanin Obama ta ba jihohi damar faɗaɗa shirin, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Majalisu da gwamnoni da dama suka ƙi, saboda siyasa. Sai jama'a suka bi ta ƙofarsu: Maine a 2017, Idaho da Nebraska da Utah a 2018, Misuri da Oklahoma a 2020, Dakota ta Kudu a 2022. Dubban ɗaruruwan mutanen da ba su da halin ganin likita suka samu. Ko a nan ma maganar wa zai biya ba ta ɓace ba. Gwamnan Maine, Paul LePage, ya ƙi aiwatarwa yana cewa ba a nuna masa inda kashi 10 na jiha zai fito ba, sai da Janet Mills ta gaje shi a 2019. A Misuri majalisa ta ƙi ware kuɗin, sai da kotun ƙolin jihar ta tilasta a 2021. Wannan shi ne ainihin aikin da mutanen 1911 suka yi wa tsarin tanadi, kuma duk wanda ke son a soke shi sai ya fara duban waɗannan mutane.

Masu bincike ma ba su goyi bayan duk zargin da ake yi ba. John Matsusaka na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya daɗe yana nazarin batun, ya gano cewa a ƙarshen ƙarni na 20 jihohin da ke da tsarin sun ɗan fi sauran tsuke kashe kuɗi, sun fi karkata daga haraji zuwa kuɗin da mai amfani da abu ke biya, kuma galibi hakan ya yi daidai da abin da mafi yawan jama'arsu ke so. Yana kuma ganin 'yan siyasa suna fakewa da ƙudurori don guje wa laifin gazawarsu. Akwai gaskiya a ciki. Amma abin da jama'a ke so idan an tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba lallai ya zama abin da za su zaɓa ba da an shimfiɗa musu lissafin gaba ɗaya.

Sai maganar kuɗi a cikin harkar kanta. Tara sa hannu 900,000 cikin wata 6 ya fi ƙarfin 'yan sa kai, don haka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, suna tsayar da mutane a ƙofar kantuna ana biyansu kan kowane sa hannu. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1988 ba za a hana biyan masu tara sa hannu ba, tun a 1978 kuma ta ce ba za a hana kamfanoni kashe kuɗi kan yaƙin ƙuduri ba. A 2020, bayan majalisar Kalifoniya ta yi dokar da za ta sa a ɗauki direbobin Uber da Lyft a matsayin cikakkun ma'aikata, kamfanonin da abokansu suka rubuta tasu dokar, Ƙuduri na 22, suka kashe sama da dala miliyan 200, suka ci. Har suka sa a ciki cewa majalisa ba za ta gyara ta ba sai da kashi 7 cikin 8 na wakilai. Makamin da aka ƙera don yaƙar kamfanin jirgin ƙasa ya koma hannun kamfanoni.

Ra'ayina shi ne a bar ƙofar a buɗe, a gyara mata ƙa'ida, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Arizona ta yi abin da ya dace a 2004, da ta ce duk ƙudurin da zai sa a kashe kuɗi dole ya faɗi sabuwar hanyar da kuɗin za su fito, ba daga babban asusu ba. Kamata ya yi mai neman rage haraji shi ma a tilasta masa faɗin aikin da za a rage. Kalifoniya ta yi gyara mai amfani a 2014, da ta ba masu ƙuduri damar janye shi idan sun daidaita da majalisa, kuma ta wannan hanya aka samu dokar albashin dala 15 a 2016. Lambobi irin su kashi 1 da kashi 40 bai kamata su zauna a tsarin mulki ba, inda kuskuren lissafin shekara ɗaya zai ɗaure jikokin da ba a haifa ba. Fulorida ta ɗaga sharaɗin gyaran tsarin mulki zuwa kashi 60 tun 2006. Sai dai a nan ana buƙatar lura, domin sau da yawa 'yan majalisar da ke kiran gyara so suke su toshe ƙofar gaba ɗaya. Mutanen Ohayo sun fahimci haka a Agustan 2023, suka yi watsi da irin wannan sharaɗi da aka kawo musu ana saura wata 3 su kaɗa ƙuri'a kan batun zubar da ciki. A Misisipi kotun ƙolin jiha ta rushe tsarin a 2021 saboda dokar ta ce a tara sa hannu daga mazaɓu 5 alhali jihar ta koma mai mazaɓu 4.

Ƙuduri na 13 dai yana nan daram. A 2020 aka kawo Ƙuduri na 15, wanda zai bar gidajen zama yadda suke, ya sa manyan gine-ginen kasuwanci su biya gwargwadon darajarsu ta yau, kuɗin su tafi makarantu da ƙananan hukumomi. Ya faɗi da kusan kashi 48 cikin 100. A 2024 ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Howard Jarvis da wasu manyan 'yan kasuwa suka tara sa hannu kan wani sabon ƙuduri da zai sa duk ƙarin harajin jiha sai ya bi ta rumfar zaɓe, kamar na Kolorado. A watan Yuni kotun ƙolin Kalifoniya ta cire shi daga takardar zaɓe baki ɗaya, tana cewa ya wuce gyara, ya kai ga sauya ginshiƙin yadda ake mulkin jihar, kuma tsarin mulki bai yarda a yi irin wannan sauyi ta hanyar tara sa hannu ba.